Wace risibar Linux ce ta dace da mai son naɗar shirye-shirye daga dish?

Mai tambaya ya ce ya gaji da ƙananan risibobin kasuwa da ba su barin mutum ya taɓa komai a cikinsu. Yana son wadda ke aiki da Linux, wadda zai naɗi shiri ɗaya yana kallon wani, ya jera tashoshi yadda ransa ke so, nan gaba kuma ya ƙara injin juya dish. Ya ga sunaye irin su Dreambox da Vu+ da Octagon da Zgemma, ya rasa wadda zai kama.

Malam, kafin maganar suna, a fara raba tsaki da tsakuwa. Ba duk kwalin da aka rubuta wa Linux ba ne abin da kake nema. Abin da masu wannan sha'awa ke nufi da risibar Linux shi ne wadda ke ɗauke da Enigma2, manhajar da kamfanin Dream Multimedia na Jamus ya fara yi wa risibobinsa na Dreambox, daga baya ta bazu zuwa na wasu kamfanoni. Akwai risibobin da Linux ne a ƙarƙashinsu amma a rufe suke. Octagon SX88 ta farko misali ce: tana da araha, tana kama tashoshi, amma ba Enigma2 ba ce, don haka ba za ka canza mata manhaja ko ka ƙara mata kayan aikin da ake yi wa sauran ba. Tambayar da za ka yi wa mai sayarwa guda ɗaya ce: shin OpenATV ko OpenPLi ko OpenViX suna fitar da manhaja da sunan wannan samfurin? Kada ka tsaya ga bakinsa. Shiga shafin saukar da manhajar da kanka, ka nemo sunan, ka dubi ranar da aka fitar da ta ƙarshe. Idan shekaru sun wuce ba a sabunta ba, bar ta a kanti komai kyawun kwalinta.

Dalilin wannan tsanani shi ne Enigma2 a buɗe take, kowa na iya gyara ta, amma direbobin, wato ƙananan manhajojin da ke magana da tiyuna da na'urar fitar da hoto a hannun kamfanin da ya ƙera risibar suke. Ranar da kamfanin ya daina sabunta su, masu aikin sa-kai ba su da yadda za su yi.

Abin da ya fi komai yanke hukunci a wajen naɗi shi ne tiyuna, wato ɓangaren da wayar dish ke shiga. A nan ne yawancin masu saye ke yin kuskure, don idonsu na kan tambarin 4K. Tauraron ɗan'adam ba tasha ɗaya-ɗaya yake aikowa ba, a dunƙule yake aiko su, tashoshi da dama a kan tiransfonda guda. Tiyuna ɗaya tiransfonda ɗaya take riƙewa a lokaci guda. Ke nan da risiba mai tiyuna ɗaya, irin Vu+ Zero 4K ko Zgemma H9S, in kana naɗar wata tasha za ka iya kallon 'yan'uwanta da ke kan tiransfonda ɗaya da ita, har ka naɗe su su ma, amma sauran duk za su dushe a jerin tashoshi, ba za su buɗu ba sai naɗin ya ƙare. Ba lalacewa ba ce, iyakar ƙarfinta ke nan.

Tiyuna biyu suna warware wannan, amma da sharaɗi: kowacce ta sami wayarta daga LNB mai baki biyu, wato na'urar da ke gaban dish tana karɓar sigina. Risiba tana gaya wa LNB abin da take so ne ta cikin wayar. Ta tura bolt 13 in tana son tashoshin V, masu sigina a tsaye, bolt 18 in tana son na H, masu sigina a kwance, ta ƙara sautin 22kHz in tana son saman zango, daga 11.7GHz zuwa sama. Rukuni huɗu ke nan, kuma waya ɗaya rukuni ɗaya take iya ɗaukowa a lokaci guda. Wanda ya raba waya ɗaya wa tiyuna biyu, ta biyun ta zama baiwar ta farko: duk rukunin da ta farko ta zaɓa, a nan za ta zauna. Shi ya sa za ka ji mutum yana ƙorafin ya sayi mai tiyuna biyu amma rabin tashoshi ba su buɗuwa lokacin naɗi, alhali waya ɗaya ya ja daga rufi.

Sama da wannan akwai tiyunar FBC, wadda ake samu a Vu+ Uno 4K SE da Duo 4K SE da Ultimo 4K, da GigaBlue UHD Quad 4K. Baki biyu gare ta a baya, amma a ciki tana iya riƙe tiransfonda takwas. Da LNB na yau da kullum da waya biyu, takwas ɗin nan za su yi kiwo ne a cikin rukuni biyu kawai daga huɗun. Cikakken amfaninta sai da LNB na Unicable, wanda ke ba kowace tiyuna nata layin a cikin waya guda. Wannan tsari an yi shi ne domin gidan Turai da ke kallon tauraro ɗaya mai ɗaruruwan tashoshi, ana naɗar shiri biyar a dare ɗaya. Ga wanda tashoshinsa ke warwatse a kan taurari huɗu ko biyar, kamar yadda lamarin yake ga mai kallon tashoshin kyauta a Afirka ta Yamma, kuɗin FBC ba ya dawowa. Ƙari a kan haka, ba a san waɗannan tiyunoni da ƙwarewa wajen farautar sababbin tashoshi ba.

Farautar nan kuwa ita ce rabin daɗin sana'ar. Jerin tiransfonda da ke zuwa a cikin manhaja, fayil ɗin satellites.xml, ya fi kula da abin da ake kamawa a Turai, kuma tashoshin da ke haskowa Afirka suna yawan sauya wuri. Don haka ka nace a kan tiyuna mai Blind Scan na gaske, wadda ke share zango gaba ɗaya da kanta ta tono duk abin da ke ciki ba tare da an ba ta lamba ba. Ta kuma kasance DVB-S2X, wato sabon tsarin siginar tauraro, mai karɓar multistream, inda ake haɗa sigina da dama a tiransfonda guda, kuma mai iya riƙe sigina mai ƙaramin symbol rate, wato saurin aiko da bayanai, don ƙananan tashoshi da yawa a irin wannan suke fitowa. A wannan fage Octagon SF8008 da Edision OS mio 4K sun yi suna a wurin mafarauta, kuma kuɗinsu bai kai na manyan Vu+ ba.

Ƙwaƙwalwar risiba, wato firosesa, iri biyu ce ta mamaye kasuwa. Broadcom tana cikin Vu+ da GigaBlue UHD Quad 4K da Edision da Zgemma H7S, ta daɗe a hannun masu rubuta manhaja, ba ta cika ba da mamaki ba. HiSilicon, musamman Hi3798MV200 da ke cikin SF8008 da Zgemma H9, ta fi araha kuma tana da sauri. Na zamani a cikin duka biyun suna buɗe H.265, sabon tsarin matse bidiyo, kuma wannan ne dalilin sayen mai 4K ko da talabijin ɗinka ba 4K ba ne: tashoshi suna komawa H.265 a hankali, tsohuwar risiba irin DM800 ko Solo2 za ta ba ka murya babu hoto, ko baƙin allo kawai. Dreambox na yanzu kayan kirki ne, amma suna tafiya a kan tsarinsu na DreamOS, wasu ƙarin manhajojin da aka yi wa sauran ba su hawa kansu kai tsaye. Kuma sunan Dreambox da na tsofaffin Vu+ ne aka fi yi wa jabu. Duk DM800 "sabuwa dal" da aka miƙo maka a kwali yau, ka ɗauka jabu ce. Manhajar asali na iya kashe ta, ta ƙi tashi.

Yanzu wurin ajiya. Enigma2 ba ta matse abin da ta naɗa, tana zuba shi ne yadda ya sauko daga sama a cikin fayil mai ƙarshen .ts, shi ya sa hoton naɗi da na kai-tsaye ba su da bambanci. Lissafin mai sauƙi ne. Tashar HD mai gudun megabit 8 a daƙiƙa tana cin gigabayit 3.6 a awa. Tashar SD tana cin tsakanin 1 da 2. Ta 4K tana iya kai wa 10. Faifan terabayit ɗaya zai ɗauki awa 270 ko kusa da haka na HD. Ga yawancin mutane wannan ya isa.

Mafi kwanciyar hankali ita ce risiba mai gurbin faifai na inci 2.5 a cikinta, irin Uno 4K SE ko H7S, domin wutar faifan daga cikin risibar take zuwa kuma babu wayar da za ta girgiza. In kuwa ta USB za ka haɗa, ga inda matsala take. Bakin USB 2.0 miliamfiya 500 aka ƙayyade masa, na 3.0 kuma 900, shi kuwa faifai mai juyawa yana jan kusan amfiya ɗaya a lokacin da yake tashi daga barci. Sai ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, ya ɓace daga jerin na'urori, lokacin naɗi ya zo ya wuce babu abin da aka ajiye. Maganinsa a sa shi a bakin 3.0, ko a saya masa gida mai adaftarsa, ko a koma SSD, faifan da ba ya juyawa, wadda ba ta da wannan yunwar tashi. Filashi da katin microSD sun dace da ajiye jadawalin shirye-shirye da tambarin tashoshi, amma kada ka ɗora musu naɗi na kullum, balle timeshift, wato tsayar da shiri a ci gaba daga baya, domin shi rubutu yake yi ba tsayawa, zai cinye ran filashi cikin ɗan lokaci.

Ka bar risibar ta tsara faifan da kanta daga menu, za ta mai da shi ext4. FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabayit 4, wasan ƙwallo ɗaya na HD ya fi haka. NTFS yana aiki, amma yana wahalar da ƙwaƙwalwar risiba kuma ya fi saurin rikicewa in wuta ta yanke. Bayan tsarawa, tabbatar faifan ya zauna a /media/hdd, akwai babban fayil mai suna movie a ciki, kuma an ɗaure shi da lambarsa ta UUID a wurin saita na'urori, don kada wata rana ka soka filashi su yi musayar suna. Wannan ƙaramin aiki yana hana wata babbar ɓarna: idan faifan bai hau ba, wasu manhajojin kan ci gaba da rubuta naɗin a cikin ma'ajiyar risibar kanta har ta cika maƙil, washegari ka kunna ta tsaya a tambarin farko ta ƙi wucewa.

Ga mai zaune inda wuta ke zuwa tana tafiya, maganar lantarki ta fi maganar samfuri muhimmanci, kuma a nan nake ganin ya kamata a ware kuɗi tun farko. Risibar Enigma2 kwamfuta ce. Tana ɗaukar kusan minti ɗaya kafin ta gama tashi, kuma ba ta son a yanke mata wuta tana cikin rubutu. Yankewa ɗaya na iya lalata naɗin da ake yi, yankewa a kai a kai na iya rikita faifan gaba ɗaya. Yawancinsu kuma ba su da batirin agogo. In wuta ta ɗauke, lokaci ya ɓace, sai ta tashi ta karɓo shi daga tiransfonda ko daga intanet. Wasu tiransfonda agogonsu ba daidai ba ne, sai risiba ta ɗauka, naɗin ƙarfe tara ya fara ƙarfe goma. In akwai intanet a gidan, saita agogo ya riƙa zuwa ta NTP, wato daga intanet, yankin lokaci kuma Africa/Lagos ga mai zama Najeriya, Africa/Niamey ga mai zama Nijar.

Abin farin ciki, kusan dukkansu bolt 12 suke ci daga adafta, kuma ƙaramar risiba da faifanta da LNB ba su cika wuce wat 15 zuwa 20 ba. Ƙaramin UPS na bolt 12, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, irin wanda ake sa wa na'urar intanet ya wadatar, in dai amfiyarsa ta kai abin da aka rubuta a jikin adaftar asali. Batir mai 7Ah yana da wat-awa 84 a takarda, a aikace ka sa ran awa biyu zuwa uku. Kada dai ka haɗa risibar kai tsaye da batirin sola ko na mota yana kan caji, domin a lokacin yakan haura bolt 14. A sa abin daidaita wuta a tsakani, a kuma duba girman bakin filogi da inda wayar + take kafin a soka. In faifai ya riga ya rikice, ana shiga risibar daga kwamfuta ta telnet ko SSH, a tsayar da Enigma2 da umarnin init 4, a sauke faifan, a gudanar da fsck.ext4 a kansa, sannan init 3 ya dawo da hoto.

Zafi ma abokin gaba ne. A watan Afrilu ɗaki na iya haura digiri 40, risibar da aka cusa cikin kabad ko aka ɗora a kan wata na'ura za ta fara daskarewa da rana tsaka. A ba ta sarari ta sha iska, a busa mata ƙura bayan hunturu. Da damina kuwa, tsawa ta wayar dish take shigowa ta ƙone tiyuna. In hadari ya haɗu, cire wayar.

Batun haɗa taurari da yawa shi ne inda Enigma2 ta yi wa ƙananan risibobi fintinkau, domin a saitin Advanced kowane tauraro ana ba shi LNB ɗinsa da ƙa'idarsa. Makunnin DiSEqC 1.0, abin da ke haɗa LNB da dama a waya ɗaya, yana haɗa LNB huɗu, 1.1 yana kai wa 16. LNB na Ku da aka saba da shi lambobinsa 9750 da 10600 ne, na C-band kuma 5150, kuma wanda ya bar saitin Ku a kan LNB na C ba zai ga ko ɗigon sigina ba. Mai dish a arewacin Najeriya yakan nemi irin su Eutelsat 16A a digiri 16 gabas, Badr a 26, Astra a 28.2, NigComSat-1R a 42.5, Intelsat 20 a 68.5, da rukunin Nilesat a 7 yamma. Girman dish ɗin da kowanne ke buƙata ya danganta da garinku, mai haɗa dish na unguwa ya fi kowace taswira sanin wannan.

Injin juya dish mai USALS lambobin wurin da kake kawai yake buƙata, Kano misali tana wajen 12.0 arewa da 8.5 gabas, shi zai lissafa sauran. Sharaɗinsa sandar ta miƙe cak, a auna ta da ma'aunin magina ta kowane gefe, in ta karkata ko kaɗan za ka kama taurarin tsakiya ka rasa na gefe. Ka sani kuma cewa injin daga tiyuna yake shan wuta, ita kuwa abin da take iya bayarwa bai wuce miliamfiya 400 zuwa 500 ba, LNB ma a ciki yake ci. Dish ɗin da ya wuce mita 1.2 ya fi ƙarfin irin wannan inji, sai babban hannu mai bolt 36 da akwatinsa na daban. Sannan duk lokacin da ake naɗi, dish ɗin ya kafe a kan wannan tauraro. Tsarin da ya fi dacewa da mai tiyuna biyu shi ne ɗaya a kan kafaffen dish na tashoshin da iyali ke kallo kullum, ɗayar a kan mai juyawa domin farauta.

Waya ma kada a yi mata rowa. RG6 mai zuciyar tagulla zalla ake so. Mai arahar nan ƙarfe ce aka shafa wa tagulla, in ta yi tsawo bolt 18 ba ya isa LNB da ƙarfinsa, sai tashoshin H su ɓace na V su tsaya, mutum ya yi ta zargin risiba. A kashe risiba daga soket kafin a ɗaura ko a kwance waya, kuma a duba kada silin gashin waya ɗaya ya taɓa zuciyar a cikin kan F.

Wata gaskiya da gara ka ji ta kafin ka biya kuɗi: wannan risiba ba za ta maye maka dikodar DStv ko Canal+ ba. Katinsu a ɗaure yake da dikodarsu. Ramin kati da na CI, inda ake soka na'urar karanta katin biyan kuɗi, da kake gani a jikin wasu samfura an yi su ne domin kamfanonin da suka yarda a yi amfani da katinsu a wata na'ura, kuma ko a can, tsarin CI+ yana ba kamfani ikon hana naɗi. Masu tallar buɗe tashoshin kuɗi ta intanet satar sigina suke sayarwa, doka ta hana, kuma yau ta yi aiki gobe ta mutu. Ka saya domin tashoshin kyauta, suna da yawa.

Jadawalin shirye-shirye ma kada ka sa masa rai da yawa. AutoTimer, wanda ke farautar shiri da sunansa ya naɗa duk lokacin da ya fito, sai tasha tana aiko da jadawali yake aiki, ko an jawo shi ta intanet da EPGImport. Tashoshin kyauta da dama ba su aiko komai. A irinsu da hannu za ka sa lokaci, ka ƙara minti 5 kafin farawa da minti 10 ko 15 bayan ƙarewa, don ba kowace tasha ke cika alƙawarin agogo ba.

Ranar da ta iso hannunka, ka fara da abu uku. Sa wa asusun root, wato babban asusun shiga risibar, kalmar sirri, kuma kada ka buɗe risibar ga intanet ta waje, ana yawan kutsawa cikin waɗanda aka bari a buɗe. Buɗe OpenWebif ta hanyar rubuta lambar IP ɗin risibar a burauzar waya ko kwamfuta: daga nan za ka sa lokacin naɗi, ka kalli tasha a VLC ta ƙofa 8001, ka sauke abin da ka naɗa. Ta wannan hanya ce ma ake kallon siginar 4:2:2 ta masu aika rahoto, wadda yawancin risibobi ke kamawa amma ba su iya nuna hotonta. Na uku, da zarar ka gama jera tashoshi, yi cikakken kwafin manhajar a filashi, ka kuma kwafe /etc/enigma2 daban, nan ne jerin tashoshinka da saitinka suke. Sauya manhaja ana yinsa ne da filashi mai FAT32, fayilolin a cikin babban fayil mai sunan da kamfanin ya ƙayyade, kuma ba a fara shi sai a kan UPS ko inbata, domin yankewar wuta a tsakiyarsa na iya kwantar da risibar.

Ga buƙatar da ka zayyana, naɗi da kallo a lokaci guda da kuma injin juyawa nan gaba, zaɓina Octagon SF8008 mai tiyunar tauraro biyu ne, a lura da kyau domin akwai mai tiyuna ɗaya da kuma mai haɗin tauraro da eriya a ƙarƙashin suna ɗaya. A haɗa ta da SSD ko faifai mai wutarsa, LNB mai baki biyu, waya biyu, da ƙaramin UPS. In ka fi son faifai a ciki, Zgemma H7S tana da tiyunar tauraro biyu da gurbin faifai. Uno 4K SE kuwa sai in tauraro ɗaya ne ya tara maka yawancin abin da kake naɗa kuma ka shirya sayen LNB na Unicable. A manhaja ka fara da OpenATV ko OpenPLi, wadda duk ke tallafa wa samfurin da ka zaɓa, ka zauna a kanta wata biyu ko uku kafin ka gwada wata a gurbi na biyu na multiboot, tsarin da ke barin manhaja fiye da ɗaya ta zauna a risiba guda.